Yadda zaka zaɓi tazargaden lambu wadda sanyi bazai kashe ba kuma bazata cinye maka fili ba

Shekarar da muka tare a gidan da muke ciki yanzu a Columbus ta jihar Ohayo na shiga wani shagon sayar da shuke-shuke neman dashen tumatir da attaruhu, ina wucewa hannuna ya gogi wata shuka mai ganye fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, na murza na kai hanci, wallahi sai naji kamar ina ɗakin Innarmu a Zariya lokacin da aka haifi autarmu, wannan ƙamshin mai ɗaci-ɗaci da ake turara ɗakin mai jego dashi. Tazargade ce, ko ince 'yar uwarta. Sunan gidansu a wajen masana Artemisia, kuma gida ne babba, sun kai wajen iri 500 a duniya, har da shuwakar da muke miya da ita danginsu ɗaya na nesa. Turawa basa shukata don magani yawanci, don kwalliya suke shukawa, saboda farin ganyen nan yana fito da launin duk furen da ke kusa dashi, ga barewa da zomo basa cinta saboda ɗaci, wanda duk mai lambu a nan yasan wannan ba ƙaramar ni'ima bace.

Ranar na kwaso tukwane uku ban karanta komai a jikinsu ba, kyau kawai na bi. Ɗaya ta mutu a hunturun farko, ɗaya tana nan har yau, ta ukun kuma ita ce ta saka na koyi duk abinda zan rubuta a nan, don cikin shekara biyu ta bi ta ƙarƙashin shinge ta ɓulla cikin furannin wardin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai kirki da bata taɓa ɗaga min murya ba, kawai ta kirani ta nuna min da yatsa tace ɗana wannan naka ne ko. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Shekara huɗu ina haƙa kafin na rabu da ita.

Mataki na farko, kasan irin sanyin garinku

Kafin kaje shago ka fara sanin lambar shiyyarku. A Amurka ma'aikatar gona ta raba ƙasar shiyya-shiyya gwargwadon yadda sanyi yake kaiwa a daren da yafi kowanne sanyi a shekara, an sabunta taswirar a 2023, kana saka lambar unguwarku ta gidan waya a intanet zata fito maka. Mu nan muna shiyya ta 6, ma'ana sanyi yakan sauka tsakanin digiri 18 zuwa 23 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos. Masu zama Minnesota yawancinsu suna 3 zuwa 5, shiyya ta 4 tana kaiwa 34 ƙasa da sifili. Idan kana Ingila su nasu tsarin daban ne, ƙungiyar masu lambu ta RHS tana rubuta H1 zuwa H7, lamba tana hawa juriya tana ƙaruwa. Duk tukunyar da zaka saya akwai ɗan kati a soke a ciki, lambar tana jiki.

Amma ga abinda katin bazai gaya maka ba. Yawancin waɗannan shuke-shuken 'yan tsauni ne da busassun wurare, sanyi kaɗai ba kasafai yake kashesu ba, jiƙa ce take kashesu, wato saiwa ta kwana cikin ruwan sanyi wata uku. A ƙarshen Disambar 2022 da aka yi wannan mugun sanyin da ya rufe rabin Amurka ina da iri ɗaya guda biyu, ɗaya a gefen hanyar mota inda ƙasar tsakuwa ce, ɗaya a bayan gida cikin laka mai kyau baƙa wuluk wadda na sha wahalar zuba mata taki. Ta cikin tsakuwa ta farfaɗo a Afrilu kamar ba'ayi komai ba, 'yar gatan kuma da na ja ta sai ta biyo hannuna, gindin ya ruɓe yana wari. Don haka lambar shiyya rabin labari ce, sauran rabin yana mataki na biyar.

Mataki na biyu, saiwa ake dubawa ba ganye ba

Nan ne zancen yake gaba ɗaya. A ido duk kusan kamarsu ɗaya, farin ganye mai yanka-yanka, amma a ƙarƙashin ƙasa halinsu ya rabu. Akwai masu zama a gindi ɗaya, suna faɗi a hankali kamar tushen albasa mai lawashi, inda ka ajiyesu nan zaka samesu. Akwai masu yin itace a gindi kamar ƙaramin kurmi, suma basa zuwa ko'ina. Sai masu yawo, waɗanda suke tura farar jijiya a kwance ƙarƙashin ƙasa tana tafiya tana ɓullo da sabon tsiro, duk wanda ya taɓa noma gonar da tofa ko ƙiri-ƙiri ya kama yasan me nake nufi, ka sare sama ka bar guntu kamar ɗan yatsa a ƙasa sati biyu ya dawo da 'yan uwansa. Sai kuma na huɗu masu zubar da iri, su basa yawo ta ƙasa amma shuka ɗaya zata zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, baɗi ka gansu har cikin tsagar siminti.

Abinda kake nema a lambun da kake so ya dawwama shine kashi na farko da na biyu. Na uku sai da sharaɗi, na huɗu sai kana da haƙurin yanke fure kafin ya bushe.

Mataki na uku, ka haddace waɗanda zaka gudu

Sunan da shago ya rubuta da manyan baƙaƙe ba shine abin dubawa ba, ka duba sunan Latin ɗin nan da ake rubutawa ƙanana a ƙasa, shi baya ƙarya.

Artemisia vulgaris ita ce uwar gayya. Ita ce wadda ta kunyatani, an sayar min da ita da suna 'Oriental Limelight', ganyenta kore da ɗigon ruwan ɗorawa, kyan ɗan maciji kenan. Jihar New York ma ta sakata cikin jerin shuke-shuken da aka haramta sayarwa, amma a wasu jihohin har yanzu zaka ganta a kan kanta da farashi a jiki. Ga shi ƙurar furenta tana tayarwa mutane da atishawa da ƙaiƙayin ido a watan Agusta da Satumba. Ko kyauta aka baka kace ka gode. A Turai akwai ƙanwarta verlotiorum da ta fito daga Sin, ita ma haka take ko fiye.

Artemisia absinthium ita ce mai ɗacin nan da Turawa suke haɗa wata giya da ita, tana da kyau ba laifi kuma sanyi baya mata komai, matsalarta iri. A North Dakota da Colorado da Washington tana cikin jerin muggan ciyayi na hukuma saboda yadda take mamaye makiyaya, shanu kuma basa son cinta. Akwai zaɓaɓɓiyarta 'Lambrook Silver' da ta fito daga wani lambu a Somerset ta Ingila, idan ba a waɗancan jihohin kake ba zaka iya ajiyeta in dai zaka riƙa sare furen tun yana ɗanye. Ni dai nasan kaina, watan Agusta ne lokacin da muke tafiya gida, don haka na haƙura da ita.

Sai 'Silver King' da 'Silver Queen', duka 'ya'yan Artemisia ludoviciana ne, 'yar asalin Amurka ce ba baƙuwa ba, shi yasa masu shago suke yabonta, kuma gaskiya idan kana da gangare busasshe mai faɗi da kake so a rufe maka ba abinda ya kaita. Amma a ɗan lambun bayan gida mai taku goma zata tattake kowa. Haka Artemisia pontica, ganyenta lallausa kamar gashin tsuntsu, a hankali take fara yawon har sai ka saki jiki.

Artemisia annua kuma, wadda aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro daga jikinta har masaniyar nan 'yar Sin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015, ita shekara ɗaya take yi ta mutu, ba 'yar lambun dindindin bace, ga zubar da iri.

Mataki na huɗu, waɗanda zaka iya bari kayi bacci

'Powis Castle' ce ta farko a wajena. An fito da ita daga lambun wata tsohuwar fada mai wannan sunan a Wales a 1972, ana ganin haɗin wata 'yar gidan mai suna arborescens da absinthium ce, kuma amfanin haɗin shine da wuya tayi fure balle iri. Tana kai santimita 60 zuwa 90 a tsayi, faɗinta yakan wuce haka, tayi tsibi kamar an tara audugar azurfa. Wani lokacin reshen da ya kwanta a ƙasa yakan yi saiwa a wurin, amma wannan abu ne da zaka cire da hannu ɗaya. Rauninta sanyi, shiyya ta 6 ita ce iyakarta, mu nan a bakin gaɓa muke, in kana 5 ko ƙasa da haka ka ɗauketa a matsayin baƙuwar shekara ɗaya ko ka riƙa ajiye yankanta a cikin gida.

Ga masu mugun sanyi, Artemisia schmidtiana da ake sayarwa da suna 'Silver Mound' ko 'Nana', 'yar Japan ce, tana jure har shiyya ta 3. Ƙarama ce, bata wuce santimita 30, kamar kyanwa ta naɗe tana bacci, yara basa wucewa basu shafata ba. Bata yawo ko kaɗan. Abinda bata so shine zafi mai gumi, idan Yuli yazo da laima sai tsakiyarta ta buɗe ta baje kamar kan mai sanƙo, akwai maganin wannan a gaba. Wanda yake Atlanta ko Houston kada ma ya ɓata kuɗinsa a kanta.

Artemisia abrotanum tsohuwar shukar lambunan Turai ce, ganyenta ba fari sosai ba, kore ne mai toka-toka, amma a ƙamshi duk ta fisu, wani kamar lemun tsami wani kamar lemun kwalba. Mutanen zamanin da suna sakata cikin kaya don korar asu. Tana kai mita ɗaya, tana itace a gindi, tana jure shiyya ta 4, kuma shekara nawa zatayi tana inda ka dasata. Uwargida ita tafi so, takan yanko ta busar ta haɗa cikin turaren wuta.

Akwai kuma wadda ta saɓa da kowa a gidan, Artemisia lactiflora daga Sin. Ita ganyenta kore ne shar, furenta ake so, fari kamar madara a Agusta zuwa Satumba lokacin da sauran furanni suka gaji, tsayinta mita ɗaya da ɗoriya har ɗaya da rabi. Ita kaɗai ce take son ƙasa mai danshi kuma take haƙuri da 'yar inuwa, don haka idan ƙasarka laka ce kuma baka da ƙarfin gyarata to ga taka nan. Ka nemi wadda aka rubuta Guizhou a jiki, karanta jaja-jaja ne mai duhu, da farin furen a sama abin sai wanda ya gani. A gindi ɗaya take zama.

Biyu kuma suna tsaka-tsaki, bazan ɓoye maka ba. 'Valerie Finnis', wadda aka sawa sunan wata shahararriyar mai lambu 'yar Ingila, ita ma ludoviciana ce, masu sayarwa zasu ce maka bata yawo, tana yi, a hankali ne kawai, kowace shekara sai na zagayeta da shebur na datse abinda ya fita layi, aikin minti goma. Ganyenta mai faɗi fari tas ya cancanci minti goman. Sai Artemisia stelleriana, ana ce mata 'Silver Brocade' ko 'Boughton Silver', tana rarrafe a ƙasa bata tashi sama, ganyen kamar an yanka a farin bargo, gishiri baya damunta don haka ita ce ta bakin titi inda ake watsa gishirin narkar da ƙanƙara. Sai dai wanda yake kusa da gaɓar tekun Atlantika ya barta, don ta riga ta tsere daga lambuna ta zauna cikin yashin bakin teku a can.

In kuma na girki kake so, tarragon ma 'yar gidan ce, Artemisia dracunculus. Ta Faransa ita ce mai ɗanɗano kuma bata iri sam, don haka duk fakitin iri da ka gani an rubuta tarragon ta Rasha ce, ba ɗanɗano ga yawo. Ka tsinki ganye ɗaya ka tauna a shagon, ta gaskiyar zaka ji harshenka ya ɗan mutu kamar ka tauna kanumfari.

Idan kaje shagon, kada kayi cinikin biri a sama. Ka dafa saman tukunyar da tafin hannu, karan yana tsakanin yatsunka, ka kifata a hankali ƙasar ta fito gaba ɗaya, ba wanda zai hanaka. Siraran saiwoyi kamar zare ba matsala. Amma in kaga farare masu kauri kamar taliya suna zagaye jikin tukunyar, wasu da ɗan kai mai tsini suna neman hanyar fita ta ramin ƙasa, ko kaga tsiro yana ɓullowa a can gefen tukunya nesa da uwar, mayar ka ajiye ko me aka rubuta a katin. Ka kuma sunsuna ƙasar, in tana tsami an cika mata ruwa ta fara ruɓa. Kuma ka kula da kyautar maƙwabta da abinda ake rabawa a kasuwar musayar shuka, mutum baya raba abinda yake da ƙaranci a lambunsa, abinda ya isheshi yake rabawa.

Mataki na biyar, wuri da ƙasa

Rana take so, aƙalla awa 6 kai tsaye, in babu zata miƙe tayi tsawo ta faɗi, farin ma ya koma kore-kore. Sannan ka gwada ƙasar. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cikashi da ruwa ka bari ya tsotse, ka sake cikawa, wannan na biyun shi zaka sawa ido. In ruwan yana sauka kamar santimita 3 ko fiye a awa ɗaya, kana lafiya. In ka dawo da safe ka tarar da ruwa a ramin, wurin na lactiflora ne kawai.

Ƙasarmu ta tsakiyar Ohayo laka ce mai danƙo, da ita da ta fadama ba bambanci. Kuskuren da mutane sukeyi shine su haƙa rami a cikin lakar su cikashi da ƙasa mai laushi ta buhu, to ka haɗa kwatarniya kenan, ruwan unguwa duk nan zai taru. Wasu kuma su zuba ɗan yashi kaɗan su cakuɗa, wannan kuma bulo kake bugawa. Abinda yayi min aiki shine abinda kowane manomin dankali ya sani, kunya. Ka tada tudu mai tsayin santimita 15 zuwa 20 a saman ƙasar, ka cakuɗa ƙasar wurin da ƙananan tsakuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, ka dasa a saman tudun. Wuyan shukar, inda kara ya haɗu da saiwa, ya zama daidai da saman ƙasa ko ma ya ɗan ɗara, kada ka binneshi. Sannan maimakon ɓawon itacen nan da kowa yake zubawa a gindin furanni, wanda yake riƙe danshi, ka zuba tsakuwa kaurin yatsa biyu.

Tazara kuma, 'Powis Castle' ka bata santimita 90 ta kowane gefe ko da yanzu tana kamar ɗan tsako, 'Silver Mound' 40 ya isa. Iska tana buƙatar wucewa tsakaninsu don gashin da ke jikin ganyen yana riƙe raɓa. Lokacin dashe shine bayan sanyin ƙarshe ya wuce, mu nan wajen tsakiyar Mayu, don ta samu wata biyar tana kafa saiwa kafin hunturu. Na kaka da ake karyar da farashi a Oktoba jaraba ce, sau biyu ina saya sau biyu ina asara.

Taki kuwa kada ka saka. Nasan da wuya bahaushe ya dasa abu bai bashi taki ba, kamar kayi baƙo ne baka bashi ruwa ba, amma wannan shukar in ta ƙoshi lalacewa takeyi, tayi laushi ta kwanta, ƙamshin ya ragu, masu yawon kuma su ƙara gudu. In kana watsa takin zamani a ciyawar tsakar gida ma ka kauce mata. Ruwa a shekarar farko sau ɗaya a sati in ba'ayi sama ba, a gindi ba a ka ba, ka tura yatsa cikin ƙasa in da sanyi-sanyi ka bari sai gobe. Daga shekara ta biyu sai in fari yayi tsanani.

Mataki na shida, aski

Nan ma an kashe da yawa da kyakkyawar niyya. Idan kaka tazo mutane suna share lambu suna yanke komai har ƙasa, to masu itace a gindi, wato 'Powis Castle' da abrotanum, kada almakashi ya taɓasu a lokacin. Tsofaffin rassan sune bargonsu, in ka yanke zata yi sabon toho sanyi ya ƙoneshi, ruwa kuma ya shiga ta bakin yankan. Abinda zakayi a kaka ɗaya ne, ka kwashe ganyen bishiyoyin da iska ta tara a gindinta don kada su jiƙe su manne. Ka bari har Afrilu, zata yi muni kamar tsintsiyar da ta ƙare, ka daure, sai kaga ƙananan idanu sun fara fitowa a jikin karan, sannan ka yanke sama dasu kaɗan, ka bar kamar santimita 20 zuwa 30. Kada ka sauka ƙasa da ido na ƙarshe, busasshen itacen ba lallai ya sake tohowa ba.

'Silver Mound' kuma askinta a Yuni ne ko farkon Yuli, da zarar kaga ta fara shirin fure, kafin ta buɗe tsakiya. Ka kama ka rage rabinta kamar mai aski, zakaji tausayinta ranar, sati uku ta dawo a dunƙule. Lactiflora da 'Valerie Finnis' su suna mutuwa har ƙasa da hunturu su dawo daga tushe, busassun karan ka yankesu duk sanda ka samu sarari kafin sabon tsiro ya taso.

'Powis Castle' bata daɗewa, shekara huɗu biyar ta tsufa ta zama itace zalla, don haka duk Yuli nakan yanki rassa biyar shida masu tsawon santimita 10, waɗanda basu yi laushi sosai ba basu kuma bushe ba, in zage ganyen ƙasa in soka cikin tukunya mai yashi a inuwa, kamar dashen rogo dai. Kada ka rufe da leda ruf yadda akeyi wa wasu, farin ganye ruɓewa yake. Sati uku zuwa huɗu sun kama, su kwana hunturu a tagar gareji mai haske, in uwar ta mutu ga magada.

Idan ka riga ka dasa mai yawo

In kana sonta duk da haka, ka samu babban bokitin fenti na roba ka yanke gindinsa, ka binneshi ka bar bakinsa ya fito sama da ƙasa kamar yatsa uku, don jijiyar ta kan haura ta sama in ta samu dama, ka dasa a ciki, duk shekara biyu ka tono ka raba. A Amurka kafin kayi haƙa mai zurfi ka kira 811 su zo su nuna maka inda bututun gas da wayoyi suka bi, kyauta ne. Ko kuma mafi sauƙi ka barta a tukunya a kan siminti, ba a kan ƙasa ba, don ta ramin tukunyar ma fita takeyi.

In kuma rabuwa kake so kuyi, kada ka kuskura ka saka injin kaftu, zai yayyanka jijiyar gutsi-gutsi kowane guntu ya zama sabuwar shuka, nayi wannan a shekarar farko kuma shi ya mayar da aikin shekara ɗaya ya zama na huɗu. Ka jira bayan ruwan sama ƙasa tayi laushi, ka saka cokalin haƙa mai yatsu ka ɗaga ƙasar, ka bi kowace jijiya da hannu har ƙarshenta. Abinda ka ciro kada ya shiga ramin takin gargajiya, baƙar leda zaka saka ka ɗaure. Sannan ka shimfiɗa kwali mai kauri ka danne, ya shekara a haka, duk tsiron da ya leƙo ta gefe ka cireshi ranar da ka ganshi ba gobe ba. Ka kuma leƙa ta wajen maƙwabci, in ka bar ko kaɗan a can zata dawo maka ta inda ta fita.

Masu tambayata daga gida, musamman 'yan Jos da Mambila inda yanayin yake da sanyi-sanyi, ku matsalarku ba ƙanƙara bace, ruwan Agusta ne, don haka zancen kunya da tsakuwa ya ma fi shafarku, kuma wadda tafi kusa da yanayinku ita ce Artemisia afra ta tsaunukan Habasha zuwa Afirka ta Kudu, tana shekaru a gindi ɗaya. Amma dan Allah kada wani ya cusa dashe a akwati ya hau jirgi dashi, ko ta nan ko ta can akwai hukumar da take duba tsirrai kuma sai da takarda. Haka masu cewa in tsinko musu ganye su dafa saboda zazzaɓi tunda ai duk tazargade ce, a'a, waɗannan na kwalliya ba su bane, wasunsu suna da sinadarin da yake illa in ya yi yawa, mai ciki ma kada ta je ko kusa dasu, ita kanta annua ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya bata yarda a sha shayinta a madadin ƙwayar asibiti ba. Innarmu da tazo mana ziyara bara ta zagaya lambun tana murza ganye ɗaya bayan ɗaya tana sunsunawa, ta tsaya a kan abrotanum tace wannan tafi kusa, sauran duk ado ne, ta sa aka yanko mata dami guda ta rataya a bayan ƙofar ɗakin da ta sauka.